Wane Irin Wasa?

Zuwa ga yayarsu Sadiku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin isa masauki lafiya, kin sami gadon da ba na bakin ƙofa ba, kin kuma ci abinci kafin ki fara surutu da sababbin ƙawaye. Allah Ya tsare min ke gaba da baya, dama da hagu, Ya raba ki da sharrin mai ɗaure fuska, Ya raba ki da sharrin mai fara'a. A cikin takalmin wasanki na cusa takardar nan, don na san ko kin manta da buroshi da sabulu, takalmin nan ba za ki manta da shi ba.

Na san za ki yi mamaki. Jiya jiya muna tsakar gida ɗaya, kuma daga Unguwar Dosa zuwa gidan da ƙungiyarku ta kama muku a bayan Kawo ba wata tafiya ba ce, to me ya kawo takarda? Ke ce 'yar farina, shi ya kawo ta. Yadda aka raine ni, uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta zaman hira da ita, ba ta nuna ta damu da ita a gaban mutane. Shekara goma sha biyar ina ce miki "ke" ko "ke yarinya," in da baƙi kuma in ce yayarsu Sadiku. Kwana da kwanaki ina juya maganar nan a bakina. Sai in shigo ɗakinku da niyyar faɗa, in tarar kina ninke kaya, sai in ji kaina ina cewa ki rage gishiri a miya, in fita. Tsoro nake ji, kuma bakina ya yi nauyi, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna ranar da aka ce ƙungiyar ƙwallon hannu ta ɗauke ki mai tsaron gida? Abbanku har da rawa a falo cikin babbar riga, Sadiku yana kiɗa da bokitin wanka. Mutum ɗaya ce ba ta yi murna ba, ƙanwata, Anti Jummai. Ta tashi ta shige kicin, kika raɗa wa Sadiku wai Anti ba ta son ƙwallon mata. Ni ma haka na ɗauka. Bayan 'yan kwanaki sai ga ta da rana tsaka, ta rufe shagon ɗinkinta, abin da ko zazzaɓi ba ya sa ta yi. Ta mai da ƙofa ta ce, "Yaya, zauna." Abin da zan gaya miki yanzu da izininta ne. Ita ta ce in gaya miki, ta ce gara ki kalle ta da tausayi da ki tafi ba ki sani ba.

Muna yara a Badarawa akwai wata ƙungiyar guje-guje ta unguwa, a filin firamare suke taruwa bayan la'asar. Ni lokacin ina makarantar kwana, sai da hutu nake ganinsu. Mai ƙungiyar wani dattijo ne mai furfura da usur a wuya, kowa Kaka yake ce masa. Shi ya tara yaran, shi ke koya musu, shi ke raka su gasa, shi ke murza wa wadda ta gurɗe ƙafa. Iyaye har gida suke bin sa da godiya. Kin san wasan kaka da jika, tsoho ya hango yarinya ya ce ga amaryata, ita kuma ta ce Allah Ya kiyaye, me zan yi da marar haƙori, kowa ya kwashe da dariya. To haka yake yi da su, a gaban iyayensu ma. Jummai ta fi kowa gudu, don haka ita ce babbar amarya.

Ta ce wata rana ta dawo daga fili ta tarar da Inna, kakarki, Allah Ya jiƙanta, tana tankaɗe. Ta tsaya a kanta ta ce, "Inna, Kaka yana yi min wasa."

Inna ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce, "To da me kika je yi? Ai wasan kika je."

Jummai ta wuce. Da aka kwana biyu ta sake dawowa ta ce, "Inna, ni fa ba na son wasan da yake min."

Inna ta yi dariya ta ce, "Ke dai kin cika tsiwa. Wasan kaka da jika ne, ki rama mana, ba ki da baki ne?"

Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Shekarunta ba su ma kai naki ba a lokacin. Kalmar da take da ita ke nan a bakinta, kuma ta faɗe ta, ta sake faɗa. Ba zan rubuta miki abin da mutumin nan ya yi mata ba. Ta gaya min, na ji, kuma tun daga ranar abinci ba ya yi min daɗi. Da ta gama ta share ido da gefen mayafinta ta ce, "Yaya, wallahi da Inna ta ajiye rariyar nan ta ce min wane irin wasa, da na faɗa."

Kada ki riƙe Inna a ranki. Mace ce da take son 'ya'yanta kamar ranta, kunnenta ne ya ji abin da ya saba ji. Mu Hausawa kalma ɗaya muka ba abubuwa da yawa. Ƙwallo wasa ne, gudu wasa ne, tsokanar kaka wasa ce, ta taubasai wasa ce, kuma mugu in ya keɓe yarinya shi ma cewa yake yi wasa ne. Ke kuma yanzu ga ki za ki shiga gidan da komai nasa wasa ake kiransa, filin wasa, kayan wasa, 'yan wasa. Wannan ne ya hana ni sukuni. Don haka na roƙe ki, in wani abu ya faru da ba ki so, kada ki yi amfani da kalmar nan. Ki ce wane ya taɓa ni, a wuri kaza ya taɓa ni, na ce ya bari bai bari ba. Ki faɗa gatsal, da babbar murya, ko da za a ce ba ki da kunya. Ni uwarki na yafe miki wannan kunyar.

Kin san abin da aka yi wa Kaka? Da maganar wata yarinyar daban ta fito, manyan unguwa suka taru a zaure. Aka ce mutum ne mai iyali, a rufa masa asiri, a rufa wa yarinya asiri, in magana ta fita wa zai aure ta. Aka ce masa ya bar unguwa, ya kuwa bari, aka shafa fatiha kowa ya kama gabansa. Jummai ta ce bayan shekaru tana cikin motar haya ta hango shi a wani fili a wata unguwar, da usur ɗinsa a wuya, yara sun kewaye shi. Sai da ta sa aka tsayar da mota ta sauka ta yi amai. Asirinsa aka rufa, 'ya'yan mutane kuma aka buɗe masa.

Da na gaya wa Abbanku, hularsa kawai ya cire ya ajiye. Washegari ya je wurin wani abokin aikinsa da ke ma'aikatar da take kula da mata da yara, ya yi tambaya. Abin da ya dawo min da shi ki riƙe shi da kyau. A dokar jihar nan, duk wanda bai cika shekara goma sha takwas ba yaro ne, ko ya fi ƙofa tsawo, kamar ke. Babu wani babba da zai ce ai yarinyar ce ta yarda a saurare shi. Kuma cutar da yaro irin wannan laifi ne da hukuma take hukuntawa, ba rigimar maƙwabta ba ce da dattawa za su kashe a zaure. Wanda aka damƙa wa yara amana, in ya ji ƙara, hukuma zai kai, ba ofishinsa zai rufe ya yi sulhu ba. Saboda haka duk ranar da kika ji an ce muku "a bar maganar nan a tsakaninmu saboda sunan ƙungiya," ki sani ranar ce ya kamata in ji.

Bari in gaya miki wautar da na yi, don kada ki yi irinta. Zuwana na farko gidan ƙungiyarku, kafin Jummai ta yi magana, kin ga yadda na cika su da tambaya. Sau nawa ake ci? Akwai gidan sauro? Ana barin su su yi salla a kan lokaci? Za ta sa dogon wando da hijabi a fili? Har tukunya na buɗe na leƙa, kina can kina ɓoye fuska wai na ba ki kunya. Na fito ina jin na yi aikin uwa. Ashe ban tambayi komai ba. Ban tambayi wa ke riƙe da mukullin ɗakin kwananku ba. Mutum yakan tambayi abin da ba ya jin nauyin tambaya, ya bar wanda ke ci masa rai. Ke in abu ya dame ki, da shi za ki fara, kada ki tsaya zagaye-zagaye a kan shinkafa.

Na koma karo na biyu ba ki sani ba, ranar da na ce miki zan je awo Kawo. Na sami shugaban ƙungiyar a ofishinsa. Na ce, "Alhaji, mutanen nan da kuka ɗauka su kula da yara, wa ya binciki inda suka fito? An tambayi wuraren da suka yi aiki a baya me ya sa suka bari?"

Ya yi murmushi ya ce, "Haba Hajiya, mu nan duk 'yan gida ne, kowa ya san kowa."

Kai! Sai na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Na ce, "Alhaji, wanda kowa ya sani shi nake tsoro. Baƙo ai ko yaro ya san ya guje shi." Muryata ta hau, na sani, har mai shara ya tsaya yana kallo, amma ko a jikina. Ka ce min kowa ya san kowa? Kaka ma kowa ya san shi.

In yi masa adalci, da ya ga da gaske nake sai ya daina murmushi. Ya ce suna bincike, kuma akwai wanda suka ƙi ɗauka bayan sun tambayi tsohon wurin aikinsa. Sannan ya aika aka kira Madam Rahila, matar da take kwana da ku, wadda gidanta ke tsallaken kogi. Ya ce ita aka naɗa ta karɓi ƙarar yara, kuma ba ta ƙarƙashin koci, ba shi zai iya korarta ba. Suka zayyana min ƙa'idojinsu. Wasu doka ce ta tilasta, wasu kuma su suka ɗora wa kansu, ni dai ban damu da wanne ne wanne ba, so nake ki san su don ki gane ranar da aka karya.

Namiji ba ya shiga ɗakin kwananku ko wurin canza kaya, ko koci ne, ko shugaba, ko mai gyaran fanka, sai an fitar da ku ko Madam tana tsaye. Babu horo na ke kaɗai. In an ce ki tsaya bayan kowa ya tafi wai a gyara miki tsayuwa a raga, ki ce to, bari in kira wance ta jefo min ƙwallo. In kin ji ciwo, mace ce za ta murza miki, in kuwa dole sai likita namiji, to da wata a wurin kuma ƙofa a buɗe. Babba ba ya turo miki saƙo ke kaɗai a waya, a taron kowa ake magana. Ranar tafiya gasa a motar ƙungiya za ki shiga tare da 'yan uwanki, ba a gaban motar wani ba, ko an ce wuri ya cika. Kuma da na ji wai ana karɓe wayoyi saboda horo, na ce ban yarda ba sai an bar miki hanyar da za ki kira gida duk lokacin da kika so ba tare da kin nemi izinin namiji ba. An amince, wayar Madam ce, ki yi amfani da ita.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, don ƙa'ida a baki kowa ya iya ta. Da Madam ta rako ni bakin ƙofa na tsaya na ce, "Madam, tambaya ɗaya. In yarinya ta zo kina cikin aiki ta ce miki wane yana yi mata wasa, me za ki ce?"

Ta dube ni. Ta ce, "Maman yara, sai in ajiye abin da ke hannuna, in ja ta gefe in ce wane irin wasa."

Ban gaya mata labarin Jummai ba, wallahi ban gaya mata ba. Amsar nan ce ta sa kike kwance a gidan nan yau, ba rawar Abbanku ba, ba kuma kukan da kika yi ta yi mana ba. Amma ita ma mutum ce, tana iya yin ciwo, tana iya tafiya ganin gida, ana iya canza ta. In ba ta nan, ko kin faɗa mata kika ga shiru, ki kira ni.

Akwai wata wautar kuma, ita ce ta fi ci min rai don ta kwanan nan ce. Muna cin tuwo kina ba su Sadiku labarin horo, sai kika ce, "Kocinmu akwai wasa!" Kin ga ludayi ya suɓuce min, na ce zafi ne. Ba zafi ba ne, gabana ne ya faɗi. Ga ki a gabana, hannu zan miƙa in taɓa ki, amma na kasa buɗe baki in yi tambayar da Jummai ta ce da ita za a cece ta. Me na yi? Na aiki Abbanku. Shi kuma, Allah sarki, ya tambaye ki a tsaye yana neman mukullin mota, ya dawo yana dariya ya ce ai sunaye yake raɗa muku, ke Katanga yake ce miki don ƙwallo ba ta wuce ki. Mai yiwuwa iyakar abin ke nan. Ina roƙon Allah iyakarsa ke nan, kuma ban ce kocinku mugu ne ba, ban san shi da komai ba sai alheri, kada ki je kina hararar bawan Allah. Amma na gane maganar irin wannan ba a aike da ita. Ke ma kada ki aiko Sadiku, kada ki ce wa ƙawa ta gaya wa wata ta gaya min. A hanya magana take zubewa.

Na san abin da kike so a duniya, na ga yadda kike kwana da ƙwallon nan a gefen matashi. Mugu ma zai gani. Ba da wuƙa yake zuwa ba, da yabo yake zuwa. Zai ce ke daban ce, shi ne zai kai ki inda ba ki taɓa zato ba, kada ki gaya wa sauran don za su yi hassada. Ya ba ki takalmi ke kaɗai. In kin noƙe kuma ya ce to akwai wata golar, sai ki zauna a benci. Ki zauna a bencin! Ki dawo gida ma in ta kama, ki tsare min ƙofar kicin kada awakin maƙwabta su shigo. Ba kofin da za ki kawo min da zan karɓa a madadinki. Kuma in ba ke ba ce, wata ce a ɗakinku ta zama shiru-shiru, ta daina cin abinci, ko ciwon ciki ya riƙa kama ta duk ranar horo, kada ku yi mata dariya ku ce raguwa ce. Ki zauna kusa da ita ki tambaye ta. In ta ce ki rantse ba za ki faɗa ba, kada ki rantse, ki kama hannunta ku tafi wurin Madam tare.

Anti Jummai har yau ba ta bin hanyar firamaren nan in ta je Badarawa, gara ta yi dogon zagaye. Yarinyar da ta fi kowa gudu a unguwa, ban ƙara ganin ta yi ko sassarfa ba, da can na ɗauka girma ne ya zo mata da wuri. Rigar horon da kika gani a ƙasan jakarki ita ta ɗinka miki. Ta ce in gaya miki ba baƙin ciki take yi da ƙwallonki ba, so take ki yi wasan da ita aka hana ta, ki yi shi har ki gaji don kanki.

Abin da ya rage kuma tsakanina da ke ne. Na lura in abu ya same ki wurin Abbanku kike zuwa, ko wurin Anti. Ban ga laifinki ba, ni na koya miki. Wa zai kawo kukansa wurin wadda ko sunansa ba ta kamawa? Inna ta yi min haka, ni ma na yi miki, muna ganin tarbiyya ce, kuma na san akwai kyau a cikinta. Amma na zauna na auna, in kunyar nan ce za ta sa wata rana ki tsaya a kaina ki faɗi rabin magana ki wuce, to ba na son ta. Mutane su ce na yi rashin kara, su ce.

Ki zo min da safe ko da rana, ina ofis ko ina kan tukunya, da baƙi ko babu. Ko kalmar ta ƙi fita, ko "wasa" kaɗai kika iya cewa, zan ajiye abin da ke hannuna in tambaye ki wane iri. Kuma zan yarda da ke tun kafin in ji ta bakin kowa.

Allah Ya sa ki a hannun masu tsoronSa, Ya toshe hanyar duk mai nufinki da cuta, Ya ba ki ƙarfin hannu a raga da ƙarfin murya a wajenta. Ya kai ki lafiya, Ya dawo min da ke lafiya, yadda kika fita daga gidan nan.

Hafsatu.

Kin ga na rubuta. Ga shi nan. Ranar da kika zo hutu da bakina zan faɗe shi, a tsakar gida, ko wa ke wurin. Hafsatu, ki kira ni.

Mamanki.